Daminar da Aka Guji Burodina

Akwai wata damina da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Na tsufa yanzu, abubuwa da yawa sun shige mini, har sunayen wasu jikokin 'yan'uwana sai an tuna mini, amma ita wannan ina iya ba da labarinta daki-daki kamar jiya aka yi. Ita ce daminar da mutanen unguwarmu a Zuru suka daina cin burodina.

Ni matar soja ce. Maigidana ya rasu a bakin aiki, can gabas, labari aka kawo mini, ba a kawo mini gawa ba. Da aka gama zaman makoki na bar bariki, na koma ɗan gidan da ya fara ginawa a gindin dutse, ɗaki biyu da falo, ko silin ba a sa ba. 'Ya'yana uku duk sun girma. Mazan biyu sun bi sawun ubansu sun shiga soja, macen tana aure a Kontagora. Sai ya zamana daga ni sai kaji da awaki biyu a gidan.

Gasa burodi na koya tun muna zaune a wani bariki a kudu, wurin wata matar soja maƙwabciyata. Da na ga zaman zai yi mini yawa, sai na sa aka gina mini tanderun ƙasa a bayan gida, na sayi gwangwanaye, na fara. Ba don abinci kaɗai nake yi ba, gaskiya. Burodin ne ke kawo mini mutane. Da ƙamshi ya tashi da safe, matan unguwa za su fara shigowa, wannan ta sayi ɗaya, wannan biyu, su zauna a kan dogon bencin da ke ƙofar kicin, a yi ta hira, ana yin yarenmu ana sirkawa da Hausa. Kafin su watse rana ta ɗaga, ni kuwa na sami abin da zan yi ta tunawa ina dariya har yamma. Ban da su akwai wani dattijo mai shayi a mararraba, mutumin wajen Argungu, da ke ɗaukar burodi kullum, da kuma wani magidanci ɗan kabu-kabu da ke ɗaure kwali a bayan babur ya kai Ribah da Wasagu ranakun kasuwa.

Matsalata ɗaya ce a lokacin: burodina ba ya kwana biyu da laushi. Ɗan kabu-kabun nan ya sha gaya mini cewa mutanen Wasagu sai sun matsa burodi ta cikin leda, in bai lotsa ba su ajiye. Na kai kukana wurin mai shagon da nake sayen fulawa da yis a kasuwa. Ya shiga can ciki, ya fito da wata 'yar roba cike da wani abu fari sol, mai kauri kamar kakide, ba wari ba ƙamshi. Ya ce maganin laushi ne, duk manyan gidajen burodi da shi suke aiki, in riƙa sa kaɗan a cikin kwaɓi. Robar ba rubutu ko ɗaya a jikinta. Ban tambaye shi mene ne ba, ban tambaye shi kaɗan ɗin nawa ne ba. Da hannu nake ɗiba, yadda raina ya ba ni.

Abin kuwa ya yi aiki. Burodi ya riƙa tashi yana cika gwangwani, cikinsa lallausa kamar auduga, ya kwana uku huɗu bai bushe ba. Kowa sai yabo. Na shekara guda ina sawa, kaina ya yi girma ƙwarai.

A cikin matan bencin nan akwai wadda ta fi kowa kusa da ni. Tare muka yi zaman bariki, mijinta ma soja ne, ita ce ta kwana a ɗakina sati guda lokacin rasuwar maigidana. Wata safiya ta shigo aron rariya, ta same ni na cusa hannu a robar nan ina yarfa abin a cikin kwaɓi. Ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ke kuma wannan mene ne kamar sabulu?" Na rufe robar, na yi dariya, na ce mata, "Sirrin sana'a ne, ba a faɗa." Ita ma ta yi dariya ta ɗauki rariyarta. Da na san abin da wannan wasa zai jawo mini, da na zaunar da ita na ce mata ni ma ban sani ba. Amma kunya ce ta hana ni, sai na rufe jahilcina da raha.

Bayan kamar sati biyu, ruwa ya sauka sosai, jikar ƙawar tawa da take riƙo, yarinya 'yar shekara biyar, ta kamu da amai da gudawa har aka kwantar da ita a asibiti. Abu na ƙarshe da ta ci kafin ciwon ya taso shi ne shayi da burodina. Ina jin labari na dafa kunu, na sayi lemo, na nufi asibitin. Na samu ƙawata zaune a bakin gado, yarinyar kwance an ɗaura mata ruwa, idanunta sun faɗa. Na yi sannu. Ba ta ɗago ba. Na ajiye ledar a gefenta, sai ta ture ta da ƙafa, ta ce, "Ki koma da kayanki. Wanda kika ba ta ya isa." A gaban mutane ta faɗa. Na sunkuya na ɗauki ledata na fita.

Ban ga laifinta ba, ko a ranar. Mace ce da jikarta ke kwance tsakanin rai da mutuwa, kuma da idonta ta ga ina zuba abin da na ƙi gaya mata sunansa. Amma magana in ta fita ba ta tsayawa yadda aka faɗe ta. Kafin kwana uku, an ce sabulu nake sawa. Wasu suka ce maganin da ake sa wa gawa ne don kada ta lalace, shi ya sa burodina ba ya bushewa. Washegari na gasa kamar kullum, na jera a tebur, na zauna. Ƙamshi ya tashi, ya gama unguwa, ba wadda ta leƙo.

Da hantsi sai ga dattijo mai shayi. Bai taɓa zama a gidana ba, kullum a tsaye yake karɓar kayansa, amma ran nan ya zauna a bakin benci, ya cire hula ya riƙe. Muka gaisa. Ya ce, "Maman soja, tambaya nika son in yi maki, kada ki ji haushi. Maganar sabulu da ta gawa ni ban ɗauke ta ba, shirme na. Amma an ce mani abin ga da kika sawa da kitsen alade a ciki. Kin san mu, kin san addininmu. Shekara nawa muna tare ban taɓa kama ki da ƙarya ba. In kin ce mani babu, yanzun ga in ɗauki burodina in tafi."

Kalma ɗaya kawai yake jira. Ga burodi jibge a tebur, ga mutum ɗaya tak da ya rage mini. Bakina har ya buɗe zai ce babu. Sai na tuna robar nan da ba rubutu, na tuna yadda abin yake kama da kakide. Na ce, "Malam, ban sani ba."

Ya mai da hularsa, ya ce, "To, Allah shi kyauta," ya tashi ya fita bai ɗauki burodi ko ɗaya ba. Ina jin ƙarar takalminsa a kan tsakuwa har ya sha kwana.

Daga ranar na kashe tanderu. Sati biyar ko shida ban hura shi ba, har wata kazata ta mai da cikinsa wurin yin ƙwai. Burodin da ya rage ni na yi ta ci safe da rana, wai ina gwadawa in ga ko zai yi mini wani abu. Bai yi mini komai ba, amma hakan bai kwantar mini da hankali ba, don ni babba ce, ita kuwa yarinya. Na zuba wa awaki sauran da ya fara fumfuna.

Ban san gidan nan yana da girma ba sai a lokacin. In ruwa ya kece da rana, in zauna a falo ina jin yana dukan kwano, ba wanda zan ce wa ko "ruwan nan da ƙarfi yake". In na je ɗibar ruwa, matan da ke hira sai su yi shiru, a amsa mini gaisuwa a taƙaice, ina juyawa in ji an ci gaba. Ranar Lahadi a coci, bencin da muke matsuwa mu shida sai na ga an bar mini fili hagu da dama. Ba wanda ya zage ni. Da ma zagin aka yi, da na sami abin mayarwa. Da aka zo shirin taron mata, wanda shekara da shekaru ni ke gasa musu burodi, sai na ji a sanarwa an ce a kawo doya da shinkafa.

'Yata takan kira ni daga Kontagora, ta ce, "Mama, ya gida, ya sana'a?" In ce mata lafiya lau. Me zan ce? Mazan kuwa suna daji da bindiga, ba zan ƙara musu wani nauyi ba. Amma abin da ya fi cin raina ba gudun da aka yi mini ba ne. Tunani ne. In da gaske ni na kwantar da yarinyar nan fa? In da gaske shekara guda ina ciyar da Musulmin garin nan, da na Ribah da Wasagu, abin da addininsu ya hana fa, su da suka amince da ni? Mutum in an yi masa ƙazafi ya san yana da gaskiya, yana da abin jingina. Ni ko wannan ba ni da shi. Na sha sa takalmi zan je wurin mai shago, sai tsoron amsar da zan ji ya mai da ni.

Yarinyar dai Allah ya tashi kafaɗunta, aka sallame su. Daga nesa na hango ta tana wasa a ƙofar gidansu, na shiga ɗaki na durƙusa na yi godiya.

Ɗan kabu-kabun nan ne kaɗai bai daina tsayawa a ƙofata yana gaishe ni ba, ko da yake ba kwalin da zai ɗauka. Wata rana ya ce mini akwai wata malama da yake kaiwa aiki kullum, tana koyar da ilimin abinci, me zai hana in kai mata abin ta gani? Na kwana biyu ina juya maganar, a na uku na ƙulle robar a ɗankwali na hau bayan babur ɗinsa.

Malamar ba ta kai 'yata shekaru ba, amma ta karɓe ni da mutunci. Ta saurare ni har na gama, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, don ita ce mutum ta farko da na ba wa labarin daga farko har ƙarshe. Ta buɗe robar, ta shinshina, ta murza tsakanin yatsunta. Ta ce, "Mama, na san irinsa, amma ba zan ce miki komai a kan abin da ba shi da takarda ba. Mu je inda kika saya."

Mai shagon ya fara 'yan kame-kame, sai da ta nuna masa ba rigima ta kawo mu ba sannan ya jawo wani babban bokiti daga ƙarƙashin teburin shagon. Ashe daga ciki yake ɗiba yana zuba wa irina a ƙananan robobi. Jikin bokitin cike da rubutu. Malamar ta tsuguna ta karanta tsaf. Ta ɗago ta ce daga manja aka sarrafa shi, ba kitsen kowace dabba a ciki, ga lambar hukumar kula da abinci, ga tambarin halal, kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Sai da na nemi buhun fulawa na zauna a kai.

A nan cikin shagon ta yi mini karatun da ya kamata in nema tun shekara guda da ta wuce. Ta karɓi kwalba, ta zuba ruwa da man gyaɗa, ta girgiza, ta ajiye. Nan take mai ya taso sama, ruwa ya koma ƙasa. Ta narka ɗan abin nan a ruwan zafi ta ƙara, ta sake girgizawa, sai suka haɗe suka yi fari kamar madara. Ta ce aikinsa ke nan, yana riƙe mai da ruwa wuri ɗaya, irin yadda gwaiduwar ƙwai ke yi a kek. A burodi yana sa kwaɓi ya riƙe iska, ya kuma jinkirta bushewa, amma ba ya hana fumfuna, balle a haɗa shi da gawa. Ta ce akwai irinsa a bota, da biskit, da cakulan, da abubuwa da yawa da muke saye a shago, kuma ciki yana narka shi kamar yadda yake narka mai. Hukuma ta yarda a sa, amma ɗan kaɗan, a kan awo.

Na tambaye ta maganar yarinyar. Ta ce ita ba ta ga yarinyar ba, kuma ba likita ba ce, amma a saninta wannan abu ba ya kawo irin ciwon da na kwatanta, a fi zargin ruwa ko ƙazanta. Daga baya kuwa na ji cewa mutum uku a gidan ƙawata sun kwanta da ciwon a satin, har da wanda ba ya cin burodi, kuma ruwan sama ne ya kwashe datti ya zuba musu a rijiya.

Amma ba ta wanke ni tas ba. Ta ce in nuna mata yadda nake ɗiba. Da na nuna, ta riƙe baki, ta ce na zarce abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Ta ce, "Mama, sa'a kika yi. Ana yin irin wannan da kitsen dabba ma, kuma da ido ba a bambancewa. Akwai kuma wani farin gari da wasu ke sa wa burodi don ya kumbura, wanda hukuma ta hana saboda yana cutarwa. Da shi aka ƙulla miki a leda, haka za ki karɓa ki zuba." Gaskiya ta faɗa. Ta juya kan mai shago shi ma ta yi masa tasa, ya yi ta ba da haƙuri.

Na roƙe shi wani bokitin da ya ƙare, iri ɗaya, na ɗora a kai na nufi mararraba. Mutane na kallona, tsohuwa da bokiti ba komai a ciki. Na dire shi a kan teburin mai shayi na ce, "Malam, ga amsar tambayarka." Shi ba ya karatun boko, sai wani ma'aikacin asibiti da ke shan shayi a wurin ya karanta masa, ya fassara, ya nuna masa tambarin. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce, "Gobe a ajiye mani kamar kullum. Ranar da kinka ce ba ki sani ba, wallahi na ji zafi, amma ranar na ƙara yarda da ke. Da wata ce, da ta ce mani babu."

Na sayi ɗan sikeli, na kori kaza daga tanderu, na koma aiki. Burodin ma ya fi daɗi da na rage abin, don dā yana ɗan manne wa mutum a dasashi. Na ajiye bokitin a inda kowa zai gani, duk wanda ya tambaya in yi masa bayani, wani lokaci har da kwalba da man gyaɗa. Mutane suka dawo, amma a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi kamar ba abin da ya faru. Ba wadda ta ce mini yi haƙuri. Suna saye su tafi, ba a cika zama ba.

Ƙawata kuwa ba ta sake taka gidana ba. Na je gidanta sau biyu, aka ce ba ta nan, alhali ga takalmanta a bakin ƙofa. Ina jin kunya ce ta riƙe ta, ba ƙiyayya ba, irin kunyar da ta hana ni cewa ban sani ba tun farko. Bayan girbi ta koma Ribah wurin ɗanta. Sau ɗaya muka sake haɗuwa, a wurin jana'izar wata tsohuwar matar soja. Muka gaisa, ta tambayi 'ya'yana, na tambayi jikarta, ta ce tana makaranta. Muka tsaya jim, kowa na jiran ɗaya ya fara, sai aka kira ta ta shiga mota. Shekara biyu bayan nan aka aiko mini ta rasu.

Abin da daminar nan ta koya mini biyu ne, kuma duka da tsada na saye su. Na farko, abin da za ka sa a bakin mutane, ka san shi ciki da waje kafin ka zuba, don wanda ya karɓi abinci daga hannunka ba tare da tambaya ba, ransa da addininsa ya ba ka ajiya. Na biyu, yanzu in na ji ana raɗe-raɗi a kan wata mata a unguwa, ba na tsayawa a bakin rijiya a ƙarasa mini labari. Ina yafa gyalena in je gidanta, in zauna, in tambaye ta. Ko tana da gaskiya ko ba ta da ita, na san yadda ɗakin yake a ciki, kuma na san tana can tana sauraron ko wani zai yi sallama.